Lalacewar Ƙwayar Gado da Sinadaran Isar da Saƙo a Jijiya: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Duk motsin da kuka yi, daga ƙiftawar ido zuwa ɗaga ƙafa, saƙo ne ya tashi daga wata ƙwayar jijiya ya isa wata. Ƙwayoyin nan ba a manne suke da juna ba. Akwai 'yar tazara a tsakaninsu, kuma sinadari ne yake tsallaka ta da saƙon. Jiki da kansa yake haɗa sinadarin, ya adana shi, ya sake shi daidai lokacin da ake bukata, sannan ya kwashe shi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana da ƙwayar gadon da ke kula da shi.

Idan ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadon ta samu matsala, ana iya haifar yaro da ƙwaƙwalwa cikakkiya, hotonta ma ya fito lafiya lau, amma ya kasa zama ko tafiya, ko ya yi ta jijjiga. Cututtukan da ke cikin wannan rukuni ba su da yawa a cikin jama'a. Dalilin da ya sa ya dace ku san su shi ne, wasunsu suna jin magani sosai, magungunan kuma ba masu tsada ba ne, amma yaro kan yi shekaru a kwance saboda an ɗauka ciwonsa wanda ba ya da magani ne.

Kalmomin da za ku yi ta cin karo da su

*Ƙwayar jijiya*, wadda likitoci ke kira niyuron, ita ce tubalin ginin ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyin saƙo. Ƙwaƙwalwar mutum tana da kimanin biliyan 86.

*Mahaɗa* ita ce wurin da ƙwayar jijiya ke miƙa saƙo ga wata ƙwayar ko ga tsoka. Tazarar da ke wurin ba ta wuce nanomita 20 zuwa 40 ba, wato ko an tsaga silin gashi gida dubu, kowane tsagi ya fi ta kauri.

*Sinadarin isar da saƙo* shi ne ɗan aiken da ke tsallaka tazarar. Fitattu daga cikinsu su ne dofamin, serotonin, noradirenalin, asetilkolin, gulutamet, GABA da gilaisin.

*Ƙwayar gado* kuwa wani yanki ne na DNA da ke ɗauke da umarnin haɗa furotin guda. Mutum yana da kimanin 20,000, kuma galibinsu bibbiyu suke, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba.

Sunayen magunguna da na ƙwayoyin gado an bar su yadda za ku gan su a jikin kwali ko a takardar sakamakon gwaji.

Yadda saƙo ke tsallakawa

A shekarar 1921 Otto Loewi ya tsokani jijiyar zuciyar kwaɗo har bugunta ya ragu, sai ya ɗebi ruwan da zuciyar ke ciki ya zuba wa zuciyar wani kwaɗon. Ita ma bugunta ya ragu. Wannan ya nuna cewa jijiya wani sinadari take zubarwa, daga baya aka tabbatar asetilkolin ne. A yau an san aikin yana bin matakai biyar:

1. Haɗawa. Wasu furotin masu gaggauta aiki, da ake kira enzayim, suna sarrafa abin da aka samu daga abinci zuwa sinadarin.
2. Ɗurawa. Ana cusa sinadarin cikin 'yan ƙananan jakunkuna a ƙarshen jijiyar.
3. Saki. Idan lantarkin jijiya ya iso, ƙofofin kalsiyam suna buɗewa, kalsiyam ya shiga, jakar ta haɗe da bangon jijiya ta juye abin da ke cikinta. Ana gama wannan cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa.
4. Karɓa. Sinadarin ya sauka kan makarɓinsa a ɗaya ɓangaren, kamar makulli a kwaɗon ƙofa.
5. Kwashewa. Ana mayar da sinadarin cikin jijiya ko a farfasa shi, don a share wa saƙo na gaba hanya.

Furotin ne ke yin kowane mataki, ƙwayar gado kuma ita ke ba da umarnin haɗa furotin. Idan harafi ɗaya ya sauya a cikin umarnin, ko wani yanki ya ɓace, furotin ɗin zai fito da rauni ko ya ƙi fitowa gaba ɗaya. Matakin da abin ya shafa shi ke nuna irin ciwon da za a gani da irin maganin da zai yi aiki.

Idan matsalar a wajen haɗawa take

Dofamin shi ne misali mafi sauƙin ganewa. Jiki yana ɗaukar tairosin, wanda ke cikin nama, wake, madara da ƙwai, sai enzayim na farko, TH, ya mayar da shi L-dofa. Enzayim na biyu, AADC, ya mayar da L-dofa dofamin. TH ba ya aiki sai da wani mataimaki mai suna BH4, shi kuma AADC sai da bitamin B6. Duk inda sarƙar ta tsinke, dofamin zai yi ƙaranci.

*Ciwon Segawa.* Likitan yara ɗan ƙasar Japan, Masaya Segawa, shi ya bayyana shi dalla-dalla a 1976, a 1994 kuma aka gano cewa ƙwayar gadon GCH1, wadda ke fara haɗa BH4, ita ce ke da matsala. Yaro yakan taso lafiya, sai wajen shekara 6 ƙafarsa ta fara murɗewa ciki, ya riƙa tafiya a kan yatsu yana faɗuwa. Ya fi kama mata. Babbar alamarsa ita ce sauyawa da lokaci: da safe yarinya za ta tafi makaranta da ƙafarta, zuwa la'asar sai an goyo ta, idan ta yi barci ta tashi kuma ta samu sauƙi. Dalili shi ne ɗan dofamin da jiki ya tara cikin dare yana ƙarewa kafin yamma. Ƙwayoyin jijiyar suna nan da ransu, kayan aiki ne suka yi musu ƙaranci. Saboda haka ɗan ƙaramin awo na levodopa, maganin da ake ba masu ciwon Parkinson, yakan dawo da tafiya kusan yadda take, kuma yana ci gaba da aiki shekara da shekaru.

*Ƙarancin TH.* Shi yakan bayyana tun ana jariri: jiki ya saki, motsi ya yi kaɗan, ga makyarkyata. Da yawa suna samun sauƙi da levodopa, sai dai ana farawa da awo kaɗan ƙwarai, domin jikinsu yana saurin jin sa.

*Ƙarancin AADC.* An fara bayyana shi a 1990, ƙwayar gadon da abin ya shafa kuma ita ce DDC. Ya fi tsanani, domin enzayim ɗin guda shi ke kammala dofamin da serotonin, daga dofamin kuma ake samun noradirenalin. Jariri ba ya riƙe wuya, fatar idonsa na sauka, ga yawan gumi da dalalar miyau da toshewar hanci. Lokaci zuwa lokaci idanunsa kan kafe sama na tsawon mintoci ko sa'o'i alhali yana cikin hayyacinsa, abin da ake yawan ɗauka farfaɗiya ce. A nan levodopa ba ya cika amfani, tunda mai mayar da shi dofamin ne babu. Ana amfani da magungunan da ke kwaikwayon dofamin, da masu hana farfasa shi, da bitamin B6. A 2022 Tarayyar Turai ta amince da wani magani da ake shigar da lafiyayyar ƙwayar DDC kai tsaye cikin ƙwaƙwalwa ta hanyar tiyata, Amurka ma ta amince da shi a 2024. Tsadarsa ta fi ƙarfin kusan kowane gida, amma ya tabbatar da cewa gyara ƙwayar gado guda na iya sa yaron da bai taɓa riƙe wuya ba ya zauna.

*Jijjiga mai jin bitamin B6.* GABA shi ne birkin ƙwaƙwalwa, kuma ba a haɗa shi sai da B6. Idan ƙwayar ALDH7A1 ta lalace, wani sinadari yana taruwa ya riƙa kashe B6 ɗin jiki. Birki ya tsinke, jariri ya yi ta jijjiga tun kwanakin farko, magungunan jijjiga da aka saba kuma su ƙi aiki. Pyridoxine, wato B6, yana tsayar da ita, kuma za a ci gaba da sha har abada. A asibiti kaɗai ake yin gwajin farko, domin numfashin jariri na iya ɗaukewa na ɗan lokaci bayan allurar. Irin wannan dangantaka ce ta sa ake haɗa wa masu shan maganin tarin fuka na isoniazid da pyridoxine, saboda maganin yana rage B6 a jiki.

Idan matsalar a wajen ɗurawa ko saki take

Wani lokacin an haɗa sinadarin daidai, amma ya kasa fita. A 2013 an bayyana wani dangi a Saudiyya, masu auren zumunci, da yaransu ke da matsala a ƙwayar SLC18A2, mai haɗa famfon da ke ɗura dofamin da serotonin cikin jaka. Da aka ba su levodopa sai ciwon ya ƙaru, domin an ƙara kaya ne alhali babu mai ɗurawa. Da aka sauya zuwa pramipexole, wanda ke sauka kan makarɓin dofamin kai tsaye, sai suka samu sauƙi. Wannan ya nuna muku muhimmancin sanin matakin da ya lalace kafin a zaɓi magani.

Sakin kansa furotin uku ne ke yin sa, ɗaya a jikin jaka, biyu a bangon jijiya. Suna nannaɗe juna kamar tufkar igiya har su jawo jakar ta haɗe da bango. Binciken yadda jakunkunan nan ke aiki shi ya ba James Rothman, Randy Schekman da Thomas Südhof kyautar Nobel ta 2013. Kun riga kun san abin da ke faruwa idan aka tsinke wannan igiya: dafin ƙwayar cutar tetanus, wato ciwon sarƙe haƙora, yana yanke ɗaya daga cikin furotin ukun a jijiyoyin da ke sakin GABA da gilaisin. Babu birki, sai tsoka ta sandare.

Ƙwayar STXBP1 tana haɗa furotin da ke shirya wannan tufka. A 2008 aka gano cewa lalacewar kwafi ɗaya kacal daga cikin biyunta na haddasa farfaɗiya mai tsanani a watannin farko na rayuwa, tare da jinkirin girma da na magana. Galibi sabon sauyi ne da ya faru a jikin yaron, iyayen ba su da shi. Ita kuwa CACNA1A ƙofar kalsiyam take haɗawa. Wasu masu matsala a cikinta sukan samu jiri da tangaɗi na sa'o'i, musamman bayan gajiya ko tashin hankali, sannan su warware. Acetazolamide yana rage wa da yawansu wannan.

Idan matsalar a wajen karɓa ko kwashewa take

*Raunin tsoka na gado.* A mahaɗar jijiya da tsoka asetilkolin ne ɗan aike, kuma an san ƙwayoyin gado fiye da 30 da ke iya ɓata aikinsa. Jariri yana gajiya da tsotso, kukansa ba ƙarfi, fatar ido na sauka, raunin kuma yana ƙaruwa da motsa jiki. Masu matsala a CHAT, mai haɗa asetilkolin, numfashinsu kan tsaya ba zato, musamman lokacin zazzaɓi. Pyridostigmine yana taimakon wasu, amma yana ƙara wa masu matsalar COLQ ko DOK7 ciwo. Su salbutamol, maganin asma, ya fi yi musu aiki. COLQ ita ke riƙe enzayim mai farfasa asetilkolin a wurinsa, enzayim ɗin da maganin ƙwari irin su fiya-fiya ke toshewa idan mutum ya sha ko ya shaƙa da yawa.

*Ciwon razana.* Matsala a makarɓin gilaisin, GLRA1, ko a famfon da ke mayar da shi, SLC6A5, tana sa a haifi jariri a sandare, ƙaramin sauti ko taɓa tsinin hancinsa ya sa ya zabura ya ƙame. Yana iya kama da tetanus na jarirai, sai dai shi tun ranar haihuwa ake ganinsa, kuma jikin yana saki idan ya yi barci. Clonazepam yana taimakawa. Idan ya ƙame har numfashi ya tsaya, lanƙwasa kansa da ƙafafunsa zuwa ƙirji yana sakin jikin, kuma ma'aikacin lafiya zai koya wa iyaye yadda ake yi.

Yadda ake gadonsu

Mafi yawan waɗannan cututtuka, irin su ƙarancin AADC, ƙarancin TH da jijjiga mai jin B6, gadonsu iri ɗaya ne da na sikila. Uwa da uba kowa yana ɗauke da kwafi ɗaya mai matsala, kamar AS da AS, kuma su lafiyarsu ƙalau. A kowane ciki akwai yiwuwar kashi 25 cikin 100 a haifi mai ciwon, kuma lissafin sabo ne a kowane ciki. 'Ya'yan wa da ƙani sun yi tarayya a kimanin kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayoyin gadonsu, don haka auren zumunci yana ƙara yiwuwar kwafi biyu masu matsala iri ɗaya su haɗu. Mafi yawan 'ya'yan auren zumunci lafiya ake haifarsu. Amma idan an taɓa samun yara biyu masu ciwo iri ɗaya a dangi, ko jarirai na rasuwa ba a san dalili ba, ku gaya wa likita, ku kuma nemi shawara kafin wani auren a cikin dangin.

Ciwon Segawa kwafi ɗaya ya ishe shi, kuma mai ɗauke da shi ba lallai ya nuna alama ba, shi ya sa ake ganin kamar ya tsallake uba ya kama 'ya. A irin STXBP1 kuwa sauyin sabo ne. A duk ukun, ba wani abu da uwa ta ci ko ta yi lokacin goyon ciki ne ya jawo ba, kuma bai dace a ɗora mata laifi ba.

Ciwon Parkinson fa?

A ciwon Parkinson ƙwayoyin jijiyar da ke haɗa dofamin ne ke mutuwa a hankali. Ga mafi yawan masu shi, shekaru da muhalli da ƙwayoyin gado da yawa ne suka taru. A ƙalilan ƙwayar gado guda ce, kamar SNCA da aka gano a 1997, wadda furotin ɗinta ke zaune a wurin sakin jakunkuna. A 2023 wani bincike da ya ƙunshi majinyata da yawa daga Najeriya, wanda Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas na cikin jagororinsa, ya gano wani sauyi a ƙwayar GBA1 da ke ƙara haɗarin ciwon a mutanen da asalinsu Afirka ne. Ƙarin haɗari ba ya nufin dole mai sauyin ya kamu. Haka kuma ciwon damuwa da sauran matsalolin taɓin hankali ba ƙwayar gado ɗaya ke kawo su ba.

Alamomin da ya kamata su sa a sake duba yaro

A ƙasashenmu, yawancin yaran da ba sa iya zama ko tafiya sun samu rauni ne a ƙwaƙwalwa saboda doguwar naƙuda, shawara mai tsanani a makon farko, sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Shi ne abin da likitoci ke rubutawa CP a kati. Wannan rauni ba ya ƙaruwa, kuma ba ya sauyawa tsakanin safe da yamma. Ku koma wurin likita idan an ce yaronku yana da CP amma kun lura da ɗaya daga cikin waɗannan:

- an haife shi lafiya, ya yi kuka nan take, bai yi shawara ko sanƙarau ba;
- ya fi ƙarfi da safe ko bayan barci, ya fi rauni da yamma;
- ciwon yana ƙaruwa, ko ya daina abin da ya riga ya iya;
- idanunsa na kafewa sama alhali yana jin ku;
- fatar ido na sauka, ga yawan gumi da toshewar hanci ba mura;
- jijjiga tun yana jariri wadda ta ƙi jin magunguna biyu ko fiye;
- akwai wani mai irin ciwon a dangi;
- an yi hoton ƙwaƙwalwa an ce ba a ga komai ba.

Saboda ciwon yana zuwa yana tafiya, wasu kan ce yaro yana yi ne da gangan don gudun makaranta ko aike, wasu kuma su ce iska ce. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kuma duka ko tsawa ba sa ƙara dofamin.

Abin da za a yi a asibiti

Likitan yara, musamman masanin jijiya a asibitin koyarwa, shi ya fi dacewa. Ku ɗauki bidiyon yaron da waya sau biyu a rana ɗaya, da safe da kuma yamma, da duk lokacin da idanunsa suka kafe. Sau da yawa wannan ya fi dogon bayani amfani, domin da safe ake ganin likita, lokacin da yaron ya fi sauƙi.

Gwajin jini na yau da kullum ba ya nuna yawan dofamin ko serotonin na ƙwaƙwalwa. Ana auna ragowarsu ne a ruwan laka da ake ɗiba ta ƙashin baya, sai an daskarar da shi nan take an aika ɗakin gwaji na musamman. Gwajin ƙwayar gado shi ke tabbatar da suna, kuma galibi ƙasar waje ake aika jinin. Rashin halin yin waɗannan ba ya rufe ƙofa. Ga yaron da gaɓoɓinsa ke murɗewa ba tare da sanannen dalili ba, ƙa'idar likitoci ita ce a gwada shi da levodopa haɗe da carbidopa, a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa a hankali na makonni zuwa watanni, ana lura da sauyi. Haka ake gwada pyridoxine ga jaririn da jijjigarsa ta ƙi magani.

Hattara da magunguna

Kada ku sayi levodopa a kemis ku gwada da kanku. Awon yara ya bambanta da na manya nesa ba kusa ba, kuma kun ga akwai nau'in da yake ƙara wa ciwo. B6 mai yawa na tsawon lokaci shi ma yana lalata jijiyoyin hannu da ƙafa.

Magungunan amai irin su metoclopramide da promethazine, da na taɓin hankali irin su haloperidol da chlorpromazine, suna toshe makarɓin dofamin. Ko a lafiyayyen yaro suna iya sa wuya ya murɗe, ido ya kafe sama, balle mai ƙarancin dofamin. Mai raunin tsoka na gado kuma, gentamicin, ciprofloxacin da quinine na iya ƙara masa rauni har ya taɓa numfashi. Ku rubuta sunan ciwon da magungunan yaron a takarda, ku nuna wa duk ma'aikacin lafiyar da zai ba shi magani ko zai yi masa tiyata.

Idan magani ya karɓe shi, ba a dainawa don an ga sauƙi. Ƙwayar gadon tana nan yadda take, maganin yana cike giɓi ne kawai, kuma ana sake duba awo yayin da nauyin yaro ke ƙaruwa. Gashin ƙashi, abinci mai gina jiki, rigakafi da makaranta suna tafiya tare da magani, har ga nau'o'in da ba su da takamaiman magani tukuna.

Ku garzaya asibiti nan take idan numfashin yaro ya tsaya ko leɓɓansa suka sauya launi, jijjiga ta wuce minti 5, ya kasa haɗiya ko tsotso, ko jikinsa ya ƙame gaba ɗaya tare da zazzaɓi.